Shafin Malam Rasmus da Littafin Baƙinmu

'Yan'uwana ɗalibai, wannan bayani da zan yi muku ya samo asali ne daga wata kunya da na sha a zangon karatun da ya wuce, kuma tun da yake waɗansunku suna wurin, babu amfanin in ɓoye. Kun tuna ana saura mako guda a yi bikin ba da kyaututtuka, Malamin kwamfuta ya tara mu 'yan ƙungiyarsa, ya ce yana so a shirya wani shafi a na'urar da za a ajiye a ƙofar babban ɗakin taro, domin duk baƙon da ya zo ya rubuta sunansa da garinsu da ɗan abin da ya gani. Ni aka ɗora wa aikin, saboda a hutun da ya gabata na ɗan koyi wani harshen kwamfuta da ake kira PHP, na kuwa cika wa mutane kunne da zancensa.

Cikin kwana uku na gama. Na rubuta kan shafin da ƙananan baƙaƙe, watau "littafin baƙi", sa'an nan na ba na'ura umarni ta mai da shi manya. Da na duba allo sai na ga ta rubuta LITTAFIN BAƙI. Kowane harafi ya miƙe tsaye ban da ƙ, shi kaɗai ya tsuguna a tsakiya kamar yaro a taron dattawa. Na gwada sunaye, na ce ta riƙa girmama harafin farko. Ta girmama na Audu da na Binta, amma da na rubuta ɗanjuma sai ta bar shi yadda yake. Har wa yau na sa ta riƙa taƙaita dogon saƙo don ya shiga layi ɗaya, sai ga wani baƙin tambari mai alamar tambaya yana fitowa jefi-jefi a ƙarshen layin.

Abokina da muke benci ɗaya ya ce, "Kai ma dai da neman wahala. Cire ƙugiyar mana, wa zai lura?" Na bi shawararsa. Ba mu daɗe ba sai ga Malamin Hausa ya biyo ta wurin, ya tsaya bayanmu, ya karanta da ƙarfi: "Littafin baki. To, bakin wa za a rubuta a ciki, naka ko nawa?" Ɗaki ya kaure da dariya. Ranar biki dai da hannuna na buga kan shafin, na kuma yi ta addu'a kada wani Ɗanladi ya zo. Bayan an watse Malamin kwamfuta ya kira ni ya ce, "Kada ka zagi na'ura. Je ka bincika wanda ya ƙera harshen nan, da abin da ya sa ya ƙera shi, ka zo ka gaya mana." Ga abin da na samo.

Mutumin sunansa Rasmus Lerdorf. An haife shi a 1968 a Girinlan, wani makeken tsibiri na ƙanƙara da ke ƙarƙashin sarautar Denmak. Iyayensa suka koma Denmak da shi, daga nan a 1980 suka ƙaura Kanada, inda ya yi karatun injiniya a Jami'ar Waterloo ya gama a 1993. Shekarar nan kuwa mai daraja ce a tarihin yanar gizo, domin a cikinta ne cibiyar bincike ta CERN da ke Turai ta sallama wa duniya wannan fasaha kyauta, a cikinta kuma aka fito da Mosaic, manhajar duba shafuka wadda ta sa mutanen da ba masana ba suka fara leƙawa. Samari masu ilmin kwamfuta kowa ya shiga kafa ɗan shafinsa na kansa, ya sa sunansa da hotonsa da abin da ya iya. Rasmus ma ya kafa nasa, ya sa takardar tarihin karatunsa da ayyukan da ya yi, irin wadda mai neman aiki ke kai wa ma'aikata.

Shafin wancan zamani kamar allon sanarwar makarantarmu yake. Ka liƙa takarda ka tafi, wanda ya zo ya karanta ya wuce, kai ba ka san ko mutum ɗari ne suka karanta ba ko kuwa ƙuda kaɗai ya sauka a kanta. Wannan shi ya dami Rasmus. Yana so ya san su wa ke duba takardarsa. Saboda haka a 1994 ya rubuta waɗansu 'yan ƙananan manhajoji da harshen C, waɗanda babbar kwamfutar da ke ajiye shafin za ta tayar duk sa'ad da baƙo ya shigo, su rubuta cewa wani ya zo, daga wuri kaza, a lokaci kaza. Watau ya ɗauki maigadi ne ya zaunar a zaure da littafi a hannu. Iyakar abin da ya nufa ke nan.

To, mai karatu ya san halin mutane. Idan maƙwabci ya ga ka haƙa rijiya a gidanka, gobe da guga zai zo. Waɗanda suka ga abin da shafin Rasmus ke yi suka fara roƙonsa ya ba su, wanda ya samu kuma sai ya dawo ya ce da ma an ƙara masa kaza. Ya ƙara hanyar karɓar abin da baƙo ya cika a fom. Ya ƙara hanyar ajiye bayani a rumbu da ɗebo shi. Cikin abubuwan da mutane suka riƙa ginawa da kayan nan har da littafin baƙi, irin wanda ya kunyata ni, abin da ya ba ni dariya da na karanta. Ran 8 ga Yuni 1995 ya saki asalin rubutun manhajar ga kowa da kowa, da sunan Personal Home Page Tools, ma'ana kayan aikin shafin mutum na kansa. Daga farkon kalmomi ukun nan aka sami P da H da P.

Sakin nan da ya yi shi ne babban abin da ya juya labarin. Da ya riƙe abinsa, da ya tsufa a shafinsa ba wanda ya ji labari. Amma da ya buɗe, sai duk wanda ya ci karo da kuskure ya gyara ya aiko, duk mai bukata ya ƙara ya aiko. Shi kuma ya yi ta rushewa yana sake gini. Kafin 1995 ta ƙare ya sake rubuta abin, ya canja masa suna har sau biyu, a 1996 kuma ya haɗa sunayen ya kira shi PHP/FI. A lokacin abin ya wuce maigadi mai littafi, ya zama ɗan ƙaramin harshe da ake cusa umarninsa a tsakiyar rubutun shafi, na'ura ta cika gurbin kafin ta miƙa wa baƙo. Wani ƙidaya da kamfanin Netcraft ya yi a watan Mayu 1998 ya sami wuraren intanet kusan 60,000 suna aiki da shi, kimanin ɗaya cikin ɗari na dukan waɗanda ke akwai a lokacin.

Shi Rasmus da bakinsa ya sha faɗi cewa bai taɓa niyyar ƙirƙiro harshen kwamfuta ba, bai ma san yadda ake yi ba, abin da ya ga ya kamata ya biyo baya kawai yake ƙarawa. Da na karanta wannan sai gidan kakana na cikin birni ya faɗo mini a rai. Tsohon ya fara da zaure da ɗaki ɗaya. Da ya yi aure aka ƙara ɗaki, da ƙanensa ya dawo daga fatauci aka yanka masa sashe, da 'ya'ya suka girma aka gina shigifa inda ake ɗaure awaki a da. Yau gidan yana ɗauke da mutane masu yawa, kowa kuma yana kwana lafiya, amma in kai baƙo ne sai an yi maka jagora, don akwai lungun da sai ka karkace za ka wuce, akwai kuma ƙofar da ke buɗewa ta fuskanci bango. Babu wanda ya zana gidan nan a takarda. Bukata ce ta gina shi, kowane lungu kuma akwai dalilinsa in ka tambayi tsofaffi.

Haka PHP yake, ga kuwa lungunansa. Sunayen umarninsa ba su bi ƙa'ida ɗaya ba. Umarnin auna tsawon rubutu sunansa strlen, a haɗe, amma na musanya kalma sunansa str_replace, da ɗan layi a tsakani. In kana neman kalma cikin rubutu, wurin nema za ka fara ba shi, sa'an nan abin da kake nema. In kuwa cikin jerin abubuwa kake nema, sai ka juya, abin nema ya riga. Ni da nake koyo na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ba ta riƙe abu. Wani dalilin ma ya fi ban mamaki, shi ya bayyana shi a 2013. Ya ce sa'ad da umarnin ba su kai ɗari ba, yadda na'ura ke gano su da sauri shi ne ta tsawon sunansu, kamar a ce ma'aikacin gidan waya yana rarraba wasiƙu cikin akwatuna, masu suna mai harafi biyar nan, masu shida can. Don kada akwati ɗaya ya cika sauran su zauna wayam, sai ya riƙa zaɓen suna mai tsawon da zai faɗa akwatin da ba kowa. An daɗe da barin wannan dabara, amma sunayen suna nan, domin miliyoyin shafuka sun riga sun dogara da su.

Wani lungun kuwa haɗari ne da shi. Don sauƙaƙa wa mai gina shafi, an shirya harshen yadda duk abin da baƙo ya cika a fom zai shige kai tsaye cikin manhaja ya zauna kamar ɗan gida. A shafin mutum ɗaya mai 'yan baƙi kaɗan wannan alheri ne. Amma da aka fara gina kantuna da ma'ajin sirrin mutane da shi, sai ɓarayi suka gane suna iya aiko da abin da ba a tambaye su ba, ya shiga ya canja lissafin cikin gida. Sai a 2002 aka sa wannan ƙofa ta zo a rufe, ba a toshe ta ɗungum ba kuma sai 2012.

Na yi gaba da yawa, bari in koma 1997. A shekarar nan waɗansu ɗalibai biyu na makarantar Technion da ke Haifa a Isra'ila, Andi Gutmans da Zeev Suraski, suna aikin makaranta na gina kantin intanet, suka ga PHP/FI ba zai ɗauki nauyin abin da suke so ba. Maimakon su yar, sai suka sake rubuta zuciyarsa, suka tuntuɓi Rasmus, ya yarda a haɗa kai. Ni a ganina nan ne ya nuna dattako, don ba kowa ne zai ga yara sun rushe ɗakin da ya gina da hannunsa ya ce madalla ba. A watan Yuni 1998 aka fito da PHP 3. A nan ne kuma aka cire maganar shafin mutum na kansa daga sunan, aka bar baƙaƙen uku aka ba su sabuwar fassara. Daga ranar abin ya tashi daga na Rasmus ya zama na jama'a. Samarin nan biyu ma sun bar tasu alama: injin da suka ƙera wa PHP 4 na shekarar 2000 sun kira shi Zend, daga Zeev da Andi, kuma shekara da shekaru in mai koyo ya yi wani kuskure sai na'ura ta jefo masa wata doguwar kalma ta Ibrananci, wadda ma'anarta ba ta wuce ɗigo biyu sau biyu ba, ya zauna yana zare ido.

Sauran labarin girmansa kun san rabinsa ko ba ku sani ba. Manhajar da ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, da PHP aka rubuta ta. WordPress da aka fara a 2003 haka, Facebook ma da shi aka fara gina shi a 2004. A 2023 masu ƙidaya na W3Techs sun ce cikin shafukan da aka san harshen da ke bayansu, fiye da kashi 75 cikin 100 PHP ne. Shi kuwa mai takardar neman aiki ya samu, ya yi wa kamfanin Yahoo aiki daga 2002 zuwa 2009.

Yanzu sai mu zo kan ƙugiyata. Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1963 Amurkawa suka tsara wani jadawali mai gurbi 128, wanda ake kira ASCII, aka ba kowane harafin Turanci da kowace alama lamba. Daga baya Turawan Yamma suka faɗaɗa shi zuwa gurbi 256 don ya ɗauki baƙaƙensu masu ɗigo da ƙaho, har da na mutanen Denmak. Gurbi 256 kuwa shi ne daidai abin da ma'auni ɗaya na ajiyar kwamfuta, wanda ake kira bayit, ke iya ɗauka. Saboda haka a wurin Rasmus, ko da Turanci ya rubuta ko da harshen iyayensa, harafi ɗaya bayit ɗaya ne, ba shi da dalilin bambanta su. Umarninsa na auna rubutu da yanka shi da girmama shi duk bayit suke ƙirgawa.

Namu baƙaƙen masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930, ba su cikin jadawalin nan ko ɗaya. Wurinsu yana cikin babban jadawalin Unicode da aka fara fitarwa a 1991 don ya tattara rubutun duniya duka. Hanyar da aka fi bi wajen ajiye shi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan hanya harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, amma ƙ biyu yake ci. Ku gwada da kanku a ɗakin kwamfuta: ku ce wa strlen ya auna "kasa", zai ce 4, ku ba shi "ƙasa", zai ce 5. Da na gane wannan sai asirin ya tonu gaba ɗaya. Umarnin girmama baƙaƙe daga a zuwa z kaɗai ya sani, da ya iske bayit biyun ƙ bai gane su ba sai ya tsallake. Baƙin tambarin nan mai alamar tambaya kuwa, wuƙata ce take sauka a tsakiyar harafi ta raba shi biyu, rabin da ya rage ba ya nufin komai, manhajar duba shafi ta rasa abin da za ta nuna.

Kada ku ce masu PHP ba su yi ƙoƙari ba. A 2005 suka ɗaura aniyar sake ginin daga tushe, yadda kowane umarni zai san harafi ko na wane harshe ne, za a kira shi PHP 6. Har waɗansu marubuta suka yi azarɓaɓi suka buga littattafai da sunansa a bango. Amma aikin ya fi ƙarfin 'yan mutanen da suka iya shi, abin da aka gwada kuma ya zo da nauyi da cin wuri, sai a 2010 aka haƙura. Shi ya sa in kun duba jerin fitowarsa za ku ga daga 5 an yi tsalle zuwa 7 a 2015, babu 6. Sauya harsashin gida alhali mutane na kwance a ciki ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya cece ni wani ɗaki ne da aka liƙa a gefe tun zamanin PHP 4. Mutanen Japan ne suka fi ɗawainiyar gina shi, domin rubutunsu ya fi namu shan wannan wahala nesa ba kusa ba. Umarnin cikinsa duk da mb suke farawa, suna kuma ƙirga harafi, ba bayit ba. Na canja strtoupper zuwa mb_strtoupper, nan take allo ya nuna LITTAFIN BAƘI, ƙ ya miƙe ya yi daidai da 'yan'uwansa. Na canja wuƙar yanka ma, tambarin ya ɓace. Baƙaƙe uku kacal na rasa ranar nan, da su da sanin dalilinsu. Na ba kakana labari, wanda ya yi aikin akawu a zamanin tafireta, ya yi dariya ya ce su da biro suke bin takarda suna saka wa kowane harafi ƙugiyarsa bayan sun gama bugawa, kuma akawun da ya manta sai a dawo masa da takardarsa.

Saura girmama harafin farko na suna. Umarnin da ke yin wannan ga baƙaƙe irin namu bai shigo PHP ba sai a fitowa ta 8.4, cikin Nuwamba 2024, shekara talatin bayan Rasmus ya zaunar da maigadinsa a zaure. Na'urarmu ta makaranta tsohuwar fitowa ce a kanta, don haka da hannu na haɗa nawa: in ciro harafin farko, in girmama shi, in mayar in liƙa da sauran. Na kira Malamin Hausa ya zo ya gwada. Ya buga ɗanjuma, ya fito Ɗanjuma. Ya buga ɓaidu, ya buga ƙanƙara, duk suka fito daidai. Ya gyaɗa kai, har na fara murmushi. Sa'an nan ya buga 'yar'uwa, sai y ya zauna ƙarami, domin a wurin na'ura harafin farko shi ne 'yar alamar nan ta sama, ita kuwa ba ta da babba. Ya ce 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ da ƙugiya ba su da wannan matsala, ya ɗauki littattafansa ya fita. A kan wannan nake yanzu, duk wanda ke da dabara kuma ya same ni a ɗakin kwamfuta ran Laraba bayan la'asar.